Ko Ka Sani? Gara Ce Ke Mayar da Itace Taki a Dajin Zuru

Ko ka san gara ba dangin tururuwa ba ce? Masana ƙwari sun tabbatar 'yar'uwar kyankyaso ce. Manyan nan masu gina suri kuwa, waɗanda shingensu ke fitowa da ruwan farko, noma suke yi a ƙarƙashin ƙasa. Suna tauna busasshen ganye da kirare, su kai cikin suri, su jera a ɗakuna masu laima. Wata funfuna ta tsiro a kai ta lausasa musu, sannan su ci.

Manomi a Zuru ko Dabai bai san gara da komai ba sai cinye azara da gindin rumbu, kuma ba za a ga laifinsa ba. Amma a fasa tsohon suri da fartanya a duba: jan yumɓu ne mai danƙo, wanda garar ta haƙo daga can ƙasa, inda saiwar dawa ba ta kaiwa, cike da 'yan ramuka kamar soso. Ta irin waɗannan ramukan ruwan damina ke shiga ƙasa maimakon ya gangara. Shi ya sa shukar da ke kewaye da mataccen suri takan fi sauran kauri da duhun ganye.

Sai dai gara ba ta ƙirƙirar taki, abin da itace ya zubar take mayar wa ƙasa. Kuma sinadaran da shuka ke buƙata, irin su naitirojin da fosfaros, sun fi taruwa a ganye da ɓawo da ƙananan rassa, ba a tsakiyar gungume ba. Lokacin da gatari ne makamin, mutum ya sari abin da zai iya ɗauka, ya bar saura ya ruɓe a wurin. Injin zarto ya sauya wannan lissafi. Ya kayar da itatuwa da yawa a wuni guda, mota ta kwashe gungumen, masu gawayi su bi sawu su tattare rassan, wutar daji ta lashe ganyen da rani. Naitirojin ya bi hayaƙi, tokar da ta rage kuma ruwan farko ya wanke ta daga tsaunukan Zuru zuwa kwari.

Abin takaicin, itatuwan da aka fi farauta su ne masu ciyar da ƙasa. Ƙirya, wadda maƙera da masu gawayi ke so saboda ƙarfin garwashinta, dangin wake ce, tana jawo naitirojin daga iska. Haka ma madobiya, wadda aka yi ta lodinta daga Taraba da Kogi zuwa Sin har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu a 2017.

In daji ya zama fili tas, gara ba ta ƙaura. Takan koma wa karan masara da gyaɗa a gona, a ƙara tsanarta.

A Burkina Faso kuwa gayyatarta ake yi. Wani manomi a can, marigayi Yacouba Sawadogo, ya farfaɗo da fako ta hanyar haƙa ramuka da rani yana zuba musu taki, gara ta zo ci, ta huda ƙasar, ruwa ya zauna. Manoman Tawa a Nijar suna yin irin wannan, suna kiransa tassa.