Motar Kara Ba Shara Ba Ce

 Yau zancenmu a kan wani abu ne da kusan kowaccenmu ta taɓa kwashewa da tsintsiya, ko ta cusa a murhu ranar da itace ya yi ƙaranci, wato motar da yaro ke ƙerawa da hannunsa. Akwai motar kara, akwai ta langa-langa, akwai ta gwangwani da ta kwali, yanzu ma har da ta robar lemo.

A nan ƙasar Gumel, daga cikin gari har Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari, lokacinta shi ne kaka. Da an girbe dawa, kara ya bushe, sai ki ga yara sun duƙufa a zaure ko a gindin bishiya. Yaro zai ɓare bayan karan nan mai tauri ya tsaga shi siri-siri, sannan ya yayyanka totuwa, wato farin nan mai laushi na ciki. Totuwar ita ce katakonsa, ɓawon kuma shi ne ƙusarsa, don da shi yake soke wannan ya haɗa da wancan. Inda ake son ƙarfi sai ya sa ƙayar aduwa. Karan dawa ya fi na gero daɗin aiki saboda kaurinsa. Taya kuwa, mai sakaina ya feƙe sakaina, mai marfin kwalba ya huda, amma wadda ta fi lafiya a rairayin nan namu ita ce ta tsohon silifas. To kin ji inda warin takalminki ya shiga.

Ki lura da irin motar da yake yi, za ki san abin da idonsa ya gano miki a waje. Yaron da ke kan hanyar Gumel zuwa Maigatari ba kasafai yake ɓata lokaci a kan ƙaramar mota ba. Roka yake yi da tirela, irin waɗanda ke cika kasuwar Maigatari ranar Alhamis suna ɗibar shanu zuwa Kudu. Zai yi mata bodi mai tsayi, ya yi shimfiɗar katakon nan ta sama inda mutane ke zama, wani har ya mulmula shanun yumɓu ya jera a ciki. Mu da ba fita muke ba, ai kasuwar ce ta biyo mu har tsakar gida.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, wannan aiki da muke kira shiririta, a wasu ƙasashen sha'awa ce ta manya masu furfura. Mutum zai tara ƙananan motoci a kabad mai gilashi yana gogewa, kamar yadda muke yi da kwanukan jere. Wasu ma ba haɗaɗɗiya suke saye ba, gutsure-gutsure suke saye a kwali, su zauna makonni suna liƙawa suna fenti. A Ingila aka fara fitar da ƙananan motocin ƙarfe masu suna Dinky a 1934. A 1953 aka fito da Matchbox, sunan da ke nufin kwalin ashana. Asalinta wani maƙeri ne, Jack Odell, makarantar 'yarsa ta hana yara zuwa da abin wasan da ba zai shiga kwalin ashana ba, shi kuma ya ƙera mata 'yar motar daɓe titi daidai kwalin. Ku lura fa, 'ya mace aka yi wa. Don haka in 'yarki ta ajiye 'yartsana ta ɗauki kara, kada ki ce ta shiga aikin maza. Amurka kuma ta shigo da nata, Hot Wheels, a 1968. A Malawi yara da waya suke lanƙwasa tasu, suna kiranta galimoto.

To me masu wannan sha'awa ke dubawa kafin su ce mota ta yi kyau? Ba ƙyalƙyali ba ne. Awo ne. A nan nake so mu ɗan zauna, don shi ne cibiyar zancen.

Uwargida, in kin saba tuƙa tuwon mutum ashirin, yau aka ce na mutum biyar za ki yi, ai ba gari kaɗai za ki rage ba. Ruwa ma sai ya ragu, kuka ta ragu, gishiri da daddawa su ragu, kowanne daidai rabonsa. In kika rage komai kika bar gishirin mutum ashirin, miya ta ɓaci. Haka ƙaramar mota take. In an rage tsawonta sau goma, dole a rage faɗinta sau goma, tayarta sau goma, ƙofarta sau goma. Shi ya sa in kika kifa motar wasa ta kanti, a wasu za ki ga an rubuta 1:18 ko 1:43 ko 1:64. Ma'anar 1:43 ita ce, sai an jera irinta 43 hanci da wutsiya kafin su kai tsawon ta gaske. Mu ɗauki Fijo 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna. Tsawonta ya kusa mita huɗu da rabi. A awon 1:18 za ta dawo santimita 25, ɗani ɗaya da ɗan kai ke nan. A 1:43 ta dawo santimita 10 da rabi. A 1:64 kuwa santimita 7, tsawon ɗan yatsa.

Ɗanki ba shi da rula, bai ma taɓa jin waɗannan lambobi ba, amma lissafin nan shi yake yi da ido. Duk sanda kika ga ya feƙe taya ya kara a jikin mota, ya girgiza kai ya sake feƙe wata, awo yake nema. Malamin lissafi zai zo ya koya masa wannan a allo da sunan kaso, shi kuwa tuni hannunsa ya sani.

Ga wata dabara da za ki ba shi daga inda kike zaune, ba sai kin leƙa ƙofar gida ba. Ki ce ya mayar da taya ma'auninsa. In ya ga ƙaramar mota a tsaye, ya ƙirga da ido taya nawa za a jera daga hancinta zuwa bayanta. Zai samu wajen bakwai. Tsakanin tayar gaba da ta baya kuma za a iya jera uku da ɗan kai, tsayinta daga ƙasa zuwa rufi biyu da wani abu. In ya dawo, tayar zai fara yankawa, sannan ya auna sauran jikin da ita. Roka da tirela nasu lissafin daban ne, sai ya je ya ƙirgo da kansa, daga nesa, ba a gindin mota ba.

In ya kawo miki ya ce, “Inna, kin ga motata,” kada ki ce “ta yi kyau” idonki na kan tukunya. Yaro ya san yabon sallama. Ki karɓa ki ajiye a ƙasa, ki ga ko tayoyin duka sun taɓa ƙasa. Ki tura, ki ga ko tana tafiya sak ko tana karkacewa. Ki tambaye shi wace iri ce, ina direba ke zama, me ya sa tayoyin baya suka zama bibbiyu. In dogon sitiyarinsa na juya tayoyin gaba da gaske, to wannan ba ƙaramin aiki ba ne, ya cancanci a nuna wa Malam in ya dawo. Ni a ganina motar kara mai awo ta fi ta roba mai jiniya da aka sayo da tsada, wadda kwana uku ta karye, yaro bai koyi komai ba sai danna maɓalli.

Kuma kada a ɗauka a wasa abin ke tsayawa. Manyan kamfanonin mota har gobe sai sun fara mulmula siffar sabuwar mota da wani irin yumɓu, ƙarama tukuna sannan babba, kafin a taɓa ƙarfe. Cikin masu irin wannan aiki akwai namu, Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, wanda aka haifa a 1966. Ya yi karatu a Birnin Kebbi, ya wuce Detroit a Amurka ya karanci zanen motoci, ya gama a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi. Shi ya zana siffar motar lantarkin nan Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 kuma ya shugabanci hukumar tsara motoci ta Nijeriya. Ban ce kowane mai motar kara zai zama Jelani ba. Amma bakanike da mai walda da kafintan bodi da tela, duk cikinsu babu wanda zai ci abinci in idonsa bai san awo ba.

Sai dai akwai inda tilas uwa ta sa ido. Langa-langa da bakin gwangwani wuƙa ne. Ki sa ya nannaɗe bakin ciki ya daddaƙe da dutse kafin ya fara wasa. Gwangwanin madara da na tumatir, ki wanke ki tara masa da kanki, ya fi ya je tonon bola ba takalmi. In ya yanke, a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu. Ban da zuba ƙasa, ban da toka, ban da man birki. In yankan ya yi zurfi, ko ƙarfen mai datti ne ko mai tsatsa, a kai shi asibiti a ranar saboda ciwon sarƙewar haƙora, a tafi da katinsa na riga-kafi. Kada a bar shi ya ƙona tsohuwar taya don ciro waya, hayaƙin guba ne. Yaran yanzu kan sa wa motarsu fitila da ɗan inji daga mataccen rediyo, to ki kula da ƙaramin batirin nan mai kama da maɓallin riga. In ƙaninsa mai rarrafe ya haɗiye shi, yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan, kuma wannan ba abin jiran dawowar maigida ba ne, asibiti za a nufa nan take.

Maganar lokaci kuma, ba sai an kai ga bulala ba. A gama makarantar allo da ta boko, a yi aike, a ɗebo ruwa, sannan ya buɗe garejinsa. Ki ware masa kwali ɗaya ko wani lungu a bayan rumbu, inda awaki ba za su cinye totuwar ba, ki kuma gaya wa abokiyar zamanki da sauran 'yan gida cewa abin da ke wurin nan ba na hura wuta ba ne.