Shanyewar Ɓarin Jiki: Ƙofar Maza Dabam, ta Mata Dabam



Da wuya ka sami gari tsakanin Tasawa da Mayahi wanda ba a san wannan ciwo ba. Mutum ya kwanta lafiya, ya wayi gari baki ya karkace, hannu da ƙafa na gefe guda sun saki, magana ba ta fita. Sai ka ji an ce iska ta buge shi. Likitoci kuwa sun ce abin daga jini yake.

Kai da ka taɓa yin garka ka san abin da ke faruwa in magudanar ruwa ta toshe: fangalin da ke gabanta sai ya bushe. In kuma ta ɓalle, ruwa ya cinye shuka. Haka ƙwaƙwalwa take da jijiyoyin jininta. Ko jijiya ta toshe, ko ta fashe, sai wurin da take shayarwa ya mutu, gaɓar da wurin ke juyawa ita ma ta saki. A shekarar 2019 mutane wajen miliyan 12 ne ciwon ya kama a duniya, fiye da miliyan 6 kuma suka rasu da shi.

Babban mai buɗe masa ƙofa shi ne hawan jini, wanda muke ce wa tansiyo. Wani bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka fito da shi a 2018, ya duba marasa lafiya 2,118. Ya nuna kusan tara cikin goma na wannan ciwo ana iya jingina shi ga hawan jini. Cikin waɗanda aka duba, 56 cikin ɗari maza ne.

To, kai namiji, saurara. In aka ɗauki namiji da mace masu shekara hamsin-hamsin, namijin ya fi kusa da kamuwa. Ciwon yakan riski maza da wuri, lokacin da gida duka ke kallon hannunsu. Taba tana cikin dalilai. Amma a ganinmu akwai wani dalili da ya fi ɓoyuwa: yaushe rabonka da a ɗaura maka abin awo a damtse? Mace ko ba komai ana auna ta wajen awon ciki. Namiji kuwa sai ya shekara sittin, ya yi noma, ya yi cin rani har Kano ko Agadas, ba a taɓa auna shi ba. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana huɗar gero da ƙarfinsa alhali jininsa ya wuce 14 bisa 9.

Ke kuma mace, taki ƙofar ta fi yawa. Ta fari ita ce ciki da jego. In mai ciki ta ga fuska da hannuwa sun kumbura, kai yana sarawa, ido yana ganin dishi-dishi, wannan ba laulayi ba ne. Jini ne ya hau, kuma daga nan jijjiga take zuwa. Hatsarin ba ya ƙarewa ranar suna, yana nan har a yi arba'in. Wadda jininta ya taɓa hawa da ciki, ko ta warke, ta fi sauran mata kusa da shanyewar jiki nan gaba. A ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna mace tana haihuwa fiye da sau bakwai, kin ga sau nawa take bi ta bakin wannan rami.

A nan dole mu taɓo kunun kanwa, ko da iyayenmu mata za su ɓata rai. Kanwa ƴar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, tana ɗaga jini. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka danganta abin da yawan kanwa da zafin wankan jego. Ba mu ce a hana mai jego kunu ba. A rage kanwar, wadda kuma aka ce jininta ya hau ta bar ta sam.

Ƙofa ta biyu tsufa ce. Mata sun fi maza tsawon rai, bayan ɗaukewar al'ada kuma jininsu yakan hau, ga shi an daina zuwa awo. In ciwon ya kama su a wannan lokaci yakan fi yi musu illa. Ga wani abu kuma da kowa ya sani. Maigida ya faɗi, matarsa ce za ta juya shi, ta wanke shi, ta ba shi fura a baki. Ita ta faɗi fa? Sau da yawa mai ba da izinin a kai ta likita yana can wajen cin rani, sai a yi ta hayaƙi da shafe-shafe har kwana uku. Maigida, kafin ka ɗauki hanya bana, ka bar izini da kuɗin mota a hannun wanda ka yarda da shi.

Gishirin da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi guda, har da na cikin dunƙulen miya. Binciken nan na 2018 ya kuma nuna masu cin ganye kullum sun fi tsira. Zogale, rama, tafasa da yakuwa suna bayan ɗakinki.

In ka ga baki ya karkace, ko hannu ya kasa ɗaguwa, ko harshe ya yi nauyi, kada ka jira gari ya waye. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, domin maƙogwaro ma yakan shanye, sai ya shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a riƙe lokacin da abin ya fara don a faɗa wa likita. A ɗora shi a amalanke ko mota zuwa gidan likita mafi kusa. Su za su san ko a wuce da shi asibitin Tasawa ko na Mayahi, ko kuwa sai Maraɗi.