Me Ya Sa Ake Fara Koyon Judo Da Faɗuwa?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Damagaram, Jamhuriyar Nijar, ya rubuto yana cewa ya sa ɗansa a makarantar koyon judo, amma yau wata biyu ke nan ba abin da ake koya wa yaron sai faɗuwa da mirginawa a kan katifa. Shi ne yake so a yi masa bayanin yadda aka tsara karatun wannan wasa, don ya san ko ɓata wa yaron lokaci ake yi. Ya kuma ce ya ji ana danganta judo da Kano, yana son jin gaskiyar maganar.

AMSA: To malam mai tambaya, mun gode da wannan takarda taka. Bari mu fara da ta ƙarshen, don ita ce mai sauƙi. Kanon da ka ji ana faɗi sunan mutum ne, ba shi da wata alaƙa da Kano ta Dabo. Jigoro Kano ɗan ƙasar Japan ne, an haife shi a 1860, ya rasu a 1938. Shi ne ya ƙago judo a 1882, lokacin da ya buɗe makarantarsa mai suna Kodokan a wani ɗaki na gidan ibada a birnin Tokyo, da ɗalibai tara kacal.

Abin lura shi ne, shi wannan Kano malamin makaranta ne, har ya daɗe yana shugabancin babbar kwalejin horon malamai ta Tokyo. Saboda haka da ya ɗauko dabarun tsohuwar kokawar Japan da ake kira jujutsu, sai ya yi musu irin aikin da malami yake yi wa manhaja. Ya ware masu haɗari ƙwarai ya hana amfani da su a karawa, sauran kuma ya jera su daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Darasin farko a wannan jeri shi ne faɗuwa, wanda suke kira ukemi. Dalili kuwa, judo wasan mutum biyu ne. Duk kayen da ɗalibi zai koya, sai ya kayar da abokinsa, sa'an nan shi ma a kayar da shi, sau ɗaruruwa. Wanda bai iya faɗuwa ba, in aka ɗaga shi, abu biyu yakan yi: ko ya miƙa hannu don ya tokare ƙasa, hannun ya karye, ko kuma ya sake wuya, ƙeyarsa ta bugu. Shi ya sa ake koya masa ya manne haɓarsa a ƙirji, ya lanƙwasa baya, ya kuma bugi katifa da dukan hannunsa, daga tafi har dantse, don ƙarfin faɗuwar ya watsu. Ana farawa daga kwance, a koma zaune, a koma tsugune, sa'an nan a tsaye, baya da gefe da gaba, har abin ya zame masa jiki ba sai ya yi tunani ba. Ai da rarrafe yaro kan tashi.

Kada ka ɗauka wannan tsoro ne kawai na malamai. A can Japan ɗin, wani masani na Jami'ar Nagoya mai suna Ryo Uchida ya bi bayanan makarantu, ya gano cewa tsakanin 1983 da 2011 ɗalibai fiye da 100 ne suka rasa rayukansu a wajen wasan judo. Da yawansu buguwar kai ce ta yi ajalinsu, kuma akasari 'yan ajin farko ne, wato sababbin shiga da aka tura karawa tun ba su ƙware a faɗuwa ba. Ita kuwa Faransa, tun a 1955 ta kafa doka cewa sai mai takardar shaida ta hukuma ne zai yi sana'ar koyar da judo.

In faɗuwa ta zauna, sai a shiga koyon tsayuwa, da taku, da yadda ake riƙe rigar abokin karawa a wuya da hannu. Daga nan ne ake nuna wa ɗalibi cewa kowane kaye yana da gaɓa uku. Ta farko ita ce kuzushi, wato ka ja mutum ko ka tura shi har nauyinsa ya bar ƙafafunsa, kuma kusurwa takwas ake koyon yin haka. Ta biyu tsukuri, wato ka shigar da jikinka inda ya dace. Ta uku kake, ita ce kayarwar kanta. Sabon shiga yakan ƙosa ya kai ga ta uku, ya sa ƙarfi, ya gaji a banza. Gwani kuwa a ta farko yake gama aikinsa. Duk wanda ya saba kallon kokawarmu ta gargajiya ya san haka, don sau da yawa za ka ga ƙaramin ɗan kokawa ya bar ƙato ya jingino da nauyinsa, sai kawai ya taɗe shi.

Su kansu kaye-kayen an jera su. A 1895 makarantar Kodokan ta fitar da jerin da ake kira Gokyo, aka sake gyara shi a 1920 ya zama kaye 40, rukuni biyar, takwas a kowane rukuni. In ka duba rukunin farko, za ka tarar duk a tsaye ake yin su, kamar sharar ƙafa da ɗauka a ƙugu, yadda mai kayarwa zai iya riƙe hannun abokinsa ya sassauta masa faɗuwa. Kaye irin wanda mutum zai jefar da kansa ƙasa ya wurga abokinsa, sai daga rukuni na uku ake fara cin karo da shi. Haka abin yake a kokawar ƙasa: dannewa ake fara koya, shaƙewa da murɗe gwiwar hannu kuwa sai yaro ya tasa, ya kuma san cewa da zarar abokinsa ya buga hannu sau biyu, dole ya sake shi nan take.

Wajen atisaye ma akwai tsari. Akwai uchikomi, inda ɗalibi zai yi ta maimaita shiga kaye ba tare da ya kayar ba. Akwai kata, wato jerin motsi da aka riga aka shirya tsakanin mutum biyu. Sai kuma randori, karawa ta sa-kai inda kowa yake neman sa'ar ɗan'uwansa. Malami na gari ba ya jefa sabon ɗalibi cikin randori sai ya gamsu da faɗuwarsa.

Game da ɗamara mai launi-launi da za ka ga yara suna ɗaurawa, wani malami ɗan Japan mai suna Mikinosuke Kawaishi, wanda ya sauka a Faransa a 1935, shi ne ya yaɗa ta: fara, rawaya, ruwan lemo, koriya, shuɗiya, ruwan ƙasa, sa'an nan baƙa. Amfaninta shi ne ɗalibi ya riƙa ganin ci gabansa, malami kuma ya san wa zai haɗa da wa. Ita baƙar ɗamara ta farko, shodan suke ce mata, ma'anarsa matakin farko. Wato dai mai ita ya iya tushe ke nan, yanzu ne zai shiga karatu gadan-gadan.

Saboda haka malam, wata biyu ana faɗuwa ba asara ba ce. In kana so ka auna makarantar, ka je ka duba abu huɗu: ko katifun suna da kauri kuma ba rata a tsakaninsu, ko ana haɗa yara daidai da girmansu da matakinsu, ko malamin yana da shaidar hukumar judo ta ƙasarku, da kuma abin da yake yi in yaro ya bugu a kai. In yaro ya yi kukan ciwon kai ko jiri bayan faɗuwa, wajibi ne a tsayar da shi a kai shi asibiti, kada a ce ya daure ya ci gaba.