Maɗaba'a da Cinikin Nesa

Tun daga lokacin da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya cikin 1945, har zuwa sa'ad da gwamnatin Abubakar Rimi ta buɗe kamfanin Triumph a Kano cikin 1980, da kuma ƙananan maɗaba'un da suka yawaita a Fagge da Sabon Gari, al'adar mai son a buga masa abu ɗaya ce. Zai taka ya je da takardarsa a hannu, a yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami, a ce masa ya dawo jibi, ya dawo a ce sai gata, domin ba a kawo wuta ba ko inji ya tsaya. Mutane sun jure wa wannan hali shekara da shekaru, ba don yana yi musu daɗi ba, sai don babu wata hanya.

Wanda duk ya san Nassarawa GRA ta Kano ya san irin masu bukatar ɗab'i da ke cikinta, domin a nan Gidan Gwamnati yake, ga ofisoshi da makarantun kuɗi da asibitoci da otal-otal, ga kuma gidajen da ba a ɗaura aure a cikinsu sai an buga katin gayyata da kalanda da sitika. Galibin waɗannan mutane lokaci ya fi musu kuɗi tsada, kuma sakataren da aka ce ya samo takardun taro kafin safiya ba shi da sukunin kutsawa cunkoson Sabon Gari sau uku saboda aiki guda. Saboda haka maɗaba'ar da ta iske shi a kan teburinsa, ta cikin wayar da ke hannunsa, ta riga takwarorinta tun kafin a zo maganar kyawun bugu.

Karɓar aiki ta intanet hawa biyu ne. Na farko shi ne wanda aka fi sani a Kano, wato a aiko da zane ta WhatsApp, a faɗi farashi, a tura kuɗi ta banki ko OPay ko Moniepoint, sa'an nan ɗan aike ya kai kaya, ko a ba direba a tasha idan mai aikin yana Dutse ko Katsina. Kullen annobar korona a 2020 da ƙarancin takardun naira a farkon 2023 sun koya wa jama'a wannan mu'amala fiye da yadda kowace talla za ta iya. Hawa na biyu kuwa shi ne shafi na musamman, inda mai saye zai zaɓi fasalin kati daga waɗanda aka tanada, ya rubuta sunansa, ya zaɓi kaurin takarda da adadi, farashi ya bayyana masa nan take ba tare da ya yi magana da kowa ba. A Nijeriya kamfanin Printivo na Legas, wanda ya fara aiki a 2014, ya yi suna da wannan tsari, kuma kafinsa akwai Vistaprint, wanda Robert Keane ya kafa a Faransa cikin 1995.

Amma fa kada mai karatu ya zaci fa'idar tana cikin ƙawar shafin, haƙiƙa asirinta yana can wajen inji. Babban injin ɗab'i, kafin ya fitar da ko takarda ɗaya, sai an shirya masa faranti huɗu na launuka huɗu, an daidaita tawada, an ɓata takardu wajen gwaji, kuma wannan ɗawainiya ɗaya ce ko kati ɗari za a buga ko dubu goma. Wannan ne dalilin da ya sa ƙaramin aiki yake tsada, har masu maɗaba'a suke yi masa kallon wahalar banza. Abin da Vistaprint ya gano shi ne, idan oda ta taru da yawa daga wurare dabam-dabam, kuma duk girmansu ɗaya, ana iya jera katunan mutane masu yawa a kan babbar takarda guda, a buga su tashi ɗaya, a yanka, kowa ya ɗauki nasa, tamkar motar haya da fasinjoji suka raba kuɗin mai. Intanet ce ke tara fasinjojin. Maɗaba'ar da ta buɗe shafi alhali ba ta daidaita girman kayanta ba, ba ta kuma tsara yadda ayyuka za su haɗu ba, ta ƙara wa kanta kashe kuɗi ne kawai.

Yana da kyau a lura cewa malamanmu sun daɗe da yin bahasi a kan sayen abin da ba a riga an yi shi ba, domin a babin salam na littattafan Malikiyya, irin su Risala, an sharɗanta a san sifar kaya da adadinsu da ajalin kawo su, don a kauce wa gararu da husuma. Shafin oda na ƙwarai waɗannan sharuɗɗa yake cikawa a rubuce, kuma a ganina wannan ya fi saurin aiki muhimmanci, domin yawancin rigimar da ake yi a bakin maɗaba'a daga "ai ba haka muka yi da kai ba" take tasowa.

Wahalar ita ce tsayar da farashi. Masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa biyan bukatar ƙasa, don haka takarda da tawada daga waje ake shigo da mafi yawansu, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin da aka rubuta yau yana iya zama hasara a mako mai zuwa, balle a haɗa da kuɗin gas na janareta. Dole mai shafi ya riƙa sabunta lissafinsa, ya kuma ambaci ranar da farashin zai daina aiki.

Akwai kuma fagen da maɗaba'ar Kano za ta iya shan gaban manyan kamfanonin nesa, idan ta kula da shi. Sau da yawa haruffan ƙ da ɗ da ɓ sukan ɓace ko su koma akwatuna idan zane ya tashi daga wata kwamfuta zuwa wata, rubutun Larabci kuma yakan warwatse ko ya juya baya, kuma ba ƙaramin abin kunya ba ne a raba katin walimar saukar Alƙur'ani da aya a birkice. Ma'aikacin da ya yi makarantar allo zai hango wannan da kallo ɗaya, wanda bai san harshen ba kuwa sai ya buga dubu ya ɗaure ya aiko. Haka nan launin da ke haskawa a fuskar waya ba ya fita daidai a takarda, domin wancan da haske ake haɗa shi, wannan da tawada. Shi ya sa masu lura ba sa tayar da inji sai sun mayar wa mai aiki samfurin ƙarshe ya duba suna da kwanan wata da lambar waya, ya rubuto cewa ya amince, su kuma su adana wannan saƙo, domin da shi za a san wanda zai ɗauki hasara idan kuskure ya bayyana bayan an yanka takarda.