Kafin ka saki manhajarka, gwada ta da cunkoso

Ka tuna 25 ga Fabrairun 2023? Mutanen Bodinga da Shagari, kamar kowa, sun yi ta leƙa shafin IReV don ganin sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, shiru. Daga baya INEC ta ce tangarɗar na'ura ce.

To kai mai ɗora manhajar makaranta a kan sabarka fa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun kafin ranar rajista, sa JMeter ya turo mata dubban masu shiga na bogi, ka ga inda za ta durƙushe. SonarQube ya zaƙulo kurakuran rubutunka. Jaeger kuma ya bi sawun kowace buƙata, ya nuna maka inda ta maƙale.