Garka a cikin tsohon tulu

A ƙasar Arewa ruwan sama yakan ɗauke cikin watan Satumba. Mutanen fadamar Dallol Mawri, kamar na Matankari da Kore Mairuwa, suna iya yin garka domin ruwa yana kusa. A garuruwan tudu kuwa rijiya tana da zurfi, ɗanyen ganye yana wuya tun daga rani har bazara. Rashinsa yana cikin abubuwan da ke kawo dundumi ga yara da mata masu ciki.

Uwargida, kada ki yar da tulun da ya tsage. Ki huda gindinsa, ki cika shi da ƙasa kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1. Ɗanyen taki ƙone saiwa yake yi. Barkono yana rayuwa ciki fiye da shekara.

Zogala, wadda muke kira tamaka, ita ce ta fi, amma rabin tano take so. A shuka ƙwaya 2, a bar wadda ta fi ƙarfi. In ta kai ƙirjin mutum a yanke kanta, sai ta yi rassa. Bayan wata 3 ana tsinkar ganye, ba sai an sake shuka ba. A kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli, domin maiƙo ke taimaka wa jiki ya amfana da shi.

Na'a-na'a kuwa a sa ta cikin hudajjiyar ƙwarya, a rataye a ragaya ƙarƙashin rumfa. Akuya sai kallo!

Ruwan alwala da na wankin hatsi sun isa ban ruwa. Ban da ruwan sabulu.