Kumburin cikin da ya ƙi jin maganin olsa: Me ya kamata ku sani?

Mutane da dama idan cikinsu ya kumbura bayan cin abinci, sai su nufi kemis su sayo Flagyl ko maganin olsa. Su samu sauƙi na 'yan kwanaki, abin kuma ya dawo. Daga cikinsu akwai waɗanda matsalarsu ita ce yawaitar bakteriya a ƙaramin hanji, wadda likitoci ke kira SIBO.

Mazaunin yawancin bakteriyar ciki shi ne babban hanji. Idan suka yi yawa a ƙaramin, sai su ruɓar da abinci tun jiki bai tsotse shi ba, suna fitar da iska. Daga nan ake samun kumburi da yawan tusa da murɗar ciki da gudawa. Idan abin ya daɗe, yakan jawo ƙarancin bitamin B12 da rama.

Gwaji kafin magani

Alamomin suna kama da na wasu cutukan ciki, shi ya sa ake gwajin numfashi. Mutum zai sha ruwan gulukos, sannan ya riƙa hura iska a cikin na'ura. Idan iskar haidurojin ta ƙaru da ma'auni 20 cikin minti 90, ana ɗaukar cewa akwai cutar.

Maganin da aka fi yin bincike a kansa shi ne rifaximin, wanda galibi ake sha sau uku a rana na kwana 14. Kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, aikinsa a hanji yake tsayawa, sai dai yana da tsada. Inda babu shi, likita kan rubuta metronidazole, wato Flagyl, ko ciprofloxacin. Shan waɗannan barkatai na kashe bakteriya masu amfani, yana kuma sa masu cutarwa su daina jin magani.

Na tsirrai fa?

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2014 ya gwada haɗin tsirrai irin su oregano da sinadarin berberine. Kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka sha haɗin gwajinsu ya koma daidai, masu shan rifaximin kuma kashi 34. Amma mutanen ba su da yawa, kuma su suka zaɓi abin da za su sha, don haka hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Berberine kuma haɗari ne ga mai ciki da jariri.

Rage albasa da tafarnuwa da wake da alkama na ɗan lokaci kan sauƙaƙa kumburin, ko da yake ba ya kawar da cutar.

Me ke dawo da ita?

Wani bincike a Italiya a 2008 ya nuna cutar ta dawo wa kusan kashi 44 cikin 100 na marasa lafiya wata tara bayan magani. Tushen matsalar ne ba a taɓa ba: ciwon suga da ke rage motsin hanji, ko tabon tiyata, ko daɗewa ana shan omeprazole, wanda ke rage sinadarin asid ɗin da ke kashe bakteriya a tumbi.

Don haka idan za ku ga likita, ku tafi da duk magungunan da kuke sha, ku tambaye shi abin da ya haddasa cutar tun farko. Wanda kuma ya ga jini a bayan gida, ko yake ramewa ba dalili, kada ya tsaya kemis, ya wuce asibiti.